Fatun Jikin Tsawa

A gidan Malam Uba da ke Muchia, gari ba ya wayewa sai an ɗora masa bindiga a cinya. Tsohon ya haura casa'in, idanunsa sun tafi tun da daɗewa, kuma a 'yan shekarun nan hankalinsa ma ya fara bin sawun idanun. Yakan tashi da asuba bai san inda yake ba, yana kiran matarsa da ta rasu tun jikokinsa suna rarrafe. Sai Goggo, 'yarsa da ke kula da shi, ta gama ba shi koko, ta nemi wani namiji a gidan ya kama mata, su sauko da bindigar daga jikin bango su kwantar masa a kan ƙafafu.

Tsawa ake kiranta. Bindigar toka ce irin ta da, wadda ake ɗura wa albarushi ta baki, amma ba irin ta masu harbin zabo ba. Babban goro yana faɗawa bakinta bai taɓa gefe ba. Kakan Malam Uba ne ya fara riƙe ta, mahaifinsa ya gada, da ita suka yi farautar giwa da ɓauna da dorina a dazukan kudu, lokacin da dajin yana da abin harbi. Da tafin hannu ake auna mata albarushi, a tura dunƙulen dalma a bi shi da tsumma, a ɗora ta a kan gwafa kafin a harba, domin kafaɗa ita kaɗai ba ta iya mata. Wanda ya harba ta kuwa sai ya tashi daga ƙasa yana haɓo, kunne a toshe, sannan ya tambaya ko ya samu.

Irin wannan duka ba ya barin ƙota lafiya. Duk harbi sai icen ya ƙara tsagewa, shi ya sa maharban gidan suke da al'ada: in an kayar da babban nama, sai a yanko fatarsa tana ɗanya a naɗe wurin tsagar, in ta bushe ta matse kamar ƙarfe. A haka jikin Tsawa ya cika da ɗauri, wani kan wani, baƙi ƙirin da man kaɗe da gumin hannu. Waɗannan ɗaure-ɗauren Malam Uba yake bi da yatsa kowace safiya, daga gindi zuwa baki. Wannan ɓaunar da ta karya wa kakansa haƙarƙari ce. Wannan mai faɗin kunnen giwa ne. Wannan mai kaurin dorina ce, wadda shi da kansa ya riƙe gwafar yana ɗan yaro, harbin ƙarshe da Tsawa ta yi. Kafin yatsansa ya kai bakin bindigar ya dawo cikin mutane. Ya san Goggo, ya san a Muchia yake, har ya tambayi wanda bai zo gaishe shi jiya ba.

Duk cikin jikokinsa babu wanda ya san wannan kamar Suhail, domin a cinyar tsohon ya haddace ɗaurin tun bai shiga makaranta ba. Yanzu ya girma, yana aiki a ɗakin gwajin ƙasa a Samaru, can yake zaune da matarsa Naila. Mutum ne mai tsabta har ta yi yawa, irin wanda in ka ba shi kofi sai ya leƙa ciki kafin ya sha. Naila ta haifa masa ɗa namiji cikin damina, aka shirya yin suna a babban gida, kuma a gidan Malam Uba ba a gama suna sai an ɗora hannun jariri a kan fatar kunnen giwa, tsoho ya gaya masa ko jinin wa ne shi.

Nan Suhail ya fara tunanin da ya fi masa alheri da bai yi ba. Dangin Naila 'yan boko ne, za su zo da wayoyi, kowa zai ɗauki hoto. Ita kuwa Tsawa damina ta sa ta yi fumfuna, tana wani wari na tsohuwar jaka. Gaskiyar magana kunya yake ji, ko da yake ya gaya wa kansa gata zai yi wa kakansa.

"Ƙarfen kawai za a goge, Goggo," ya ce mata a tsakar gida. "Kwana biyu na dawo da ita."

"Kwana biyun nan wa zai zauna da shi? Kai ka san yadda yake in bai taɓa ta ba."

"Zai jure. Ki ba shi carbi ya riƙe."

Goggo ta dube shi, ta ci gaba da tsince shinkafarta. "Je ka tambaye shi da kanka. Ni ba ruwana."

Tsohon yana cikin hankalinsa a lokacin, bindigar tana kan cinyarsa. Suhail ya durƙusa ya gaishe shi, ya ce abokan aikinsa a Samaru sun matsa suna son ganin Tsawa, ba su yarda akwai bindigar da goro ke faɗawa bakinta ba. Ƙaryar ta fito masa sumul, har shi ma ya yi mamaki.

Malam Uba ya yi dariya har da tari. "Ja'iri. Kai da ko zakara ba ka iya yankawa, da bindigata za ka yi suna? Ɗauki, ka nuna musu. Ka ce kada wani ya gwada ɗaga ta da hannu ɗaya, bayansa zai gaya masa."

Ya naɗe ta a tsohuwar darduma ya sa a bayan mota, gabansa yana faɗuwa duk inda ya hango ɗan sanda, domin a wannan zamani ba a yawo da bindiga ko da ta kakan kaka ce. Bai nufi Samaru ba. A unguwar PZ ya tsaya, shagon Chuks, kafinta ne mai sabunta tsofaffin kujeru da gadaje, haifaffen Sabon Gari da Hausa a bakinsa kamar jakin Kano. Chuks ya zagaya bindigar yana kaɗa kai, ya ce shi dai bai taɓa ganin irinta ba, amma katako katako ne, ƙarfe ƙarfe ne, zai gyara.

Washegari Suhail yana wajen masu raguna, igiya a hannu, ana ta hayaniya, Chuks ya kira shi.

"Oga, wannan fata da aka nannaɗe, duk ta yi fumfuna, ta hana ni aiki. In cire?"

Daga baya Suhail ya so ya gaya wa kansa cewa hayaniya ce ta hana shi ji sosai. Ba haka ba ne, ya ji sarai. Abin da ya zo masa a rai a lokacin shi ne: ai tsohon ba ya gani. Mutumin da ya girma yana kallon yatsan nan yana bin ɗauri, shi ne ya yi wannan tunani.

"Yi duk abin da ya kamata," ya ce, ya kashe wayar ya koma kan rago.

Ana gobe suna ya je karɓa. Chuks ya yi aiki, ba a ƙwace masa wannan. Da ya cire fatun ƙotar ta rabu gida-gida, ya haɗa ta da gam da ƙananan kusoshi, ya cike tsagogin, ya bi da samfefa, ya shafa man sheƙi. Ƙarfen ya yi fari tas. Tsawa ta fito kamar abin da ake ratayewa a falon otal. Suhail ya shafa ƙotar, hannunsa ya zame daga gindi har baki bai ci karo da komai ba. Ya yaba wa Chuks, ya naɗe ta, bai tambayi inda fatun suke ba, domin tambayar za ta zama amsa laifi.

Da safen suna aka raɗa wa yaro Umar Faruk, aka yanka rago, aka raba goro da dabino. Goggo ta tare Suhail a zaure da idanu jajaye, ta ce kwana biyun nan Baba bai gane ta ba ko sau ɗaya, ya ƙi abinci, yana ta neman takalminsa wai zai tafi gida. Suhail ya ce ai ga Tsawa nan a mota, yanzu komai zai daidaita. Bai bari ta ga abin da ke cikin dardumar ba sai a gaban jama'a.

Aka fito da tsohon rumfar tsakar gida, an sa masa farar riga. Da aka warware dardumar mutane suka ɗauki salati, dangin Naila suka ɗaga wayoyi, wani kawunta ya ce lallai gidan nan sun iya adana kayan tarihi. Goggo kuwa ta kalli bindigar, ta kalli Suhail, ta sa gefen mayafi ta rufe bakinta.

Maza biyu suka kwantar da Tsawa a cinyar Malam Uba. Nauyin ya sani, domin fuskarsa ta saki da ya ji shi. Ya kai hannu gindin ƙotar inda ɓauna take, yatsan ya wuce. Ya dawo da shi ya sake bi a hankali. Ya gangara inda kunnen giwa yake, ya murza wurin da babban yatsa, ya kai hannun hancinsa ya shinshina. Wayoyi suna ta ɗauka.

"Wannan ta wa ce?" ya tambaya.

"Tsawa ce, Kaka," in ji Suhail. "An ɗan goge ta ne."

"A'a." Bai ɗaga murya ba. "Tana da kyau, amma ba tamu ba ce. An yi musanye. Ku mayar wa mai ita, yana can yana nema."

Wata inna da ba ta fahimci abin da ke faruwa ba ta miƙo jaririn. Tsohon ya karɓe shi, ya tofa masa addu'a, amma da aka kama hannun yaron za a ɗora a kan ƙotar sai ya tare da nasa hannun. Ya ce ba a ɗora ɗan gida a kan bindigar baƙo, a jira tasu ta dawo. Aka yi 'yar dariyar rufa asiri, aka ce tsufa ne, aka shiga rabon waina. Suhail ya tsaya a wurin da babbar rigarsa mai sitaci, ana yi masa barka yana amsawa, bai san me yake cewa ba.

Ko la'asar bai jira ba ya koma PZ. Chuks ya yi mamaki da ya tambaye shi inda fatun suke, ya kai shi bayan shago inda suke ƙona garin katako da tarkace a cikin rabin ganga. An ƙona shara tun shekaranjiya, kuma ruwan sama ya sauka a kai. Suhail ya naɗe hannun riga ya shiga tonon baƙin taɓo da yatsunsa, shi da ba ya taɓa ƙasar gwaji sai da safar hannu. Abin da ya samu guntu ne ɗaya, ƙonanne, ya ƙanƙance kamar dunduniyar silifa. Ba zai iya cewa na giwa ne ko na dorina ba.

"Da ka ce in ajiye, da na ajiye," Chuks ya ce, ba da faɗa ba. "Na tambaye ka fa."

"Ka tambaye ni," in ji Suhail.

Mai laifi ba ya rasa dabara, kuma dabarar ta biyu takan fi ta farko muni. Suhail ya sami wani baduku a kasuwar Sabon Gari, ya sayi fatar saniya mai kauri, aka jiƙa, ya zauna da kansa yana nuna inda kowane ɗauri yake da faɗinsa, domin har yanzu yana iya lissafa su ido a rufe. Aka naɗe, aka shanya, aka shafe da man kaɗe da baƙin tukunya. A ido ta yi kama da ta da, har Naila ta ce ita ba ta ga bambanci ba. Ya kawo ta Muchia da safe yana addu'a a zuci, addu'ar da shi kansa ya san ta roƙon Allah ya taimaki ƙarya ce.

Tsohon ya ɗora yatsa a ɗaurin farko, ya danna da farce, ya shinshina.

"Saniya," ya ce. "Kuma ba ta daɗe da mutuwa ba. Wa ke harbin saniya da bindigar giwa?"

Ya ture ta daga cinyarsa. Daga ranar bai ƙara yarda an ɗora masa ita ba, in ya ji an nufo shi da nauyinta sai ya naɗe ƙafafu ya juya wa bango fuska.

Abin da ya biyo baya ba wani abin kallo ba ne. Tsoho ne kawai yake tashi da asuba a ɓace, ya wuni a ɓace. Yana kiran Goggo da sunan uwarta, wani lokaci da "baiwar Allah". Yana cin abinci in an matsa, yana tambaya yaushe za a kai shi gida. Likita ya ce ciwon haka yake tafiya, da bindiga da babu bindiga, wata rana sai ya kai nan. Suhail ya riƙe maganar likitan kwana ɗaya tak, ta suɓuce masa, domin ya san ranar da abin ya kai nan kuma ya san wanda ya kawo shi.

Kullum in ya tashi daga aiki sai ya biyo ta Muchia kafin ya koma Samaru. Yana kawo lemo, yana kawo magani, yana kawo abin da ba a aike shi ba. Goggo tana karɓa ta ce an gode. Ba ta taɓa zaginsa ba, kuma da ta zage shi da ya fi samun sauƙi. Sau ɗaya kawai, tana wanke kwanon tsohon, ta yi magana ba ta ɗago ba.

"Da safe nakan samu ubana na awa ɗaya ko biyu. Shi ke nan abin da ya rage mini, kuma ya ishe ni."

Suhail ya ji kunya irin wadda ba ta da wurin ɓuya, ya ji ya tsani farar rigar da ke jikinsa.

Ran wata Juma'a bayan an sauko daga masallaci ya yanke shawara zai faɗa wa tsohon gaskiya, ko me za ta jawo. Ya tarar da shi zaune a tabarma, hannuwansa biyu a kan gwiwa, yatsun suna ɗan motsi a kan zanen rigarsa. Ya cire takalmi ya durƙusa kusa da shi.

"Kaka, ni ne, Suhail."

"Sannu da zuwa, malam. Daga ina?"

"Suhail ne, jikanka. Bindigar nan da aka kawo, Tsawa ce, ba a yi musanye ba. Ban kai ta Samaru ba, ƙarya na yi maka. Wurin kafinta na kai ta, ni na ce a cire fatun, an ƙone su. Don kada baƙi su ga ta yi datti na yi. Ka yafe mini."

Ya faɗe shi duka a numfashi ɗaya, ya sunkuyar da kai yana jiran abin da zai sauko. Malam Uba ya saurara da kyau, kansa a karkace, irin sauraron da ake yi wa baƙo mai dogon bayani. Sai ya yi murmushi.

"Ka san Suhail ke nan?"

"Ni ne, Kaka."

"Yaron kirki ne. A nan ya girma, a cinyata. Shi ya tafi da ita Samaru, abokansa za su gani." Ya laluba ya kamo hannun Suhail, ya riƙe shi da hannu biyu. "Kada ka damu da abin da mutane ke faɗi, zai dawo da ita. Sai dai in ya yi nauyin aiki."

Hawayen Suhail suna zuba a kan hannun tsohon, shi kuwa bai kula ba, wani abu ne daban yake damunsa, goshinsa ya tattare.

"Malam, in za ka bi ta Samaru, don Allah ka kai masa saƙo. Ka ce kada ya bari kowa ya taɓa fatun nan, ko an ga sun yi datti. Da zai tafi na tsaya yi masa wasa, na manta ban gaya masa ba. In wani abu ya same su, ka ce kada ya sa a ransa. Laifina ne."

"Zan gaya masa," in ji Suhail.